Hazo a Ƙauyen Toma

Duk wanda ya zauna a Fadaman Mada ya san gidan Toma ko da bai taɓa shiga ba, domin warin fenti ne ke tarbar mutum tun daga bakin lungu. Yaran unguwa suna ce masa mai 'yan tsana, shi kuwa babu sunan da ke ƙona masa rai kamar wannan. A wajensa mutane yake yi, mutane sak, da ido da hanci da tsagar gado, illa dai kowannensu bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tebur, ga taurin kai wanda matarsa Liatu ta daɗe da sallama masa.

Yana saurayi ya zo Bauchi, a shekarun da garin ya zama babban birnin jiha, lokacin da ko'ina ka duba sai tono da tulin bulo. Daga wani ƙauye ya fito can kan duwatsun kudu, inda babu ko hanyar keke. Allah ya ba shi hannu, don haka bai daɗe yana gantali ba ya sami shiga ofishin zanen gine-gine na gwamnati. A wancan zamanin, kafin a yi gini sai an fara yin ƙaraminsa da kwali da falanki, a ɗora a kan tebur manya su zo su zagaya suna gyaɗa kai. Toma ne ke yin itatuwa da soso, ya yi 'yan motoci, ya yi 'yan mutanen da ake tsayarwa a bakin ƙofa don a gane girman ginin. Manyan ba su taɓa duban mutanen nan ba. Ginin suke kallo, suna lissafin abin da zai faɗo musu daga cikinsa. Wannan bai hana Toma ya zauna ya yi wa kowane ɗan mutum gira da leɓe ba.

A nan ya san banish, man nan mai kama da ruwa da ake fesa wa fenti bayan ya bushe, don ya yi sheƙi kuma kada hannu ya goge shi. A gwangwani yake zuwa, a danna kansa ya fito kamar hayaƙi. Abu ne mai saurin fushi. In aka fesa shi da laima a cikin iska, ko gwangwanin ya yi sanyi, ko aka tsaya nesa har ya bushe kafin ya sauka, sai ya yi fari-fari a kan aikin kamar madubin da aka hura wa numfashi, launi ya dushe, fuska ta ɓace a ƙarƙashi. Hazo Toma ke kiran wannan, ya kuma ɗauke shi abokin gaba. Ba ya feshi da sassafe sai rana ta shanye raɓa. Ba ya yi in hadari ya haɗu, ko ranar da aka kwana ana ruwa. Gwangwanin sai ya kwanta a ruwan ɗumi tukuna, a girgiza shi har hannu ya gaji, a gwada a kan guntun katako mai baƙin fenti, in ya fita garau sannan a juya kan aiki, a bi shi sama-sama, ba a tsayawa wuri ɗaya. Liatu takan ce a bayan idonsa ya fi riƙe waɗannan ƙa'idoji a kan dokoki goma na cikin Littafi Mai Tsarki.

Akwai wata damina da aka matsa masa a ofis ya fesa wa wani ƙaramin gini banish saboda baƙi na tafe. Ya fesa ba da son ransa ba, ya ja baya ya duba, ya ce hazo ya kama. Kowa ya leƙa ya ce bai ga komai ba, har aka yi masa dariya. Da gari ya waye, ginin ya yi fari fat kamar an baɗe shi da toka. Daga ranar aka daina musu da shi, sai dai a ce a kira Toma ya sa ido. Abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya kamata, ya kuma kwaso shi ya kawo gida. Suna sabon aure Liatu ta taɓa leƙa wani ɗan mutum da yake fentawa ta ce kamar bakinsa ya karkace. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce mata ba ta da idon wannan aiki, ta je ta duba tukunyarta. Ta ja bakinta ta tsuke, kuma ba ta sake buɗe shi a kan aikinsa ba. Komai ya nuna mata sai ta ce haka ne.

Babban aikin rayuwarsa ba a ofis ya yi shi ba. Bai daɗe da zuwa birni ba mahaifiyarsa ta rasu, kuma har ta bar duniya ba a taɓa ɗaukar hotonta ba. Da ya dawo daga binne ta, ya shiga ɗaki ya kwaɓa yumɓu da garin katako da gam, ya yi ta a durƙushe a gaban dutsen niƙa, yadda ya saba ganinta kullum safiya. Fuskar ce ta ci masa lokaci. Da burushin da ya haɗa da 'yan gashin wutsiyar akuya ya zana tsagarta, da wushiryarta, da wani tabo da ke kusa da girarta, da yadda take ɗan kanne ido in za ta yi dariya. Lokacin fuskar tana nan ɗanya a ransa, hannunsa kawai ya bi ta. Da ya gama ya ajiye ta a kan tebur, ya zauna ya yi kukan da bai yi ba a bakin kabari.

Daga ita sauran suka biyo. Ya yi mahaifinsa da fartanya a kafaɗa, ya yi maƙerin garinsu, ya yi tsohuwar da ke dafa burkutu, da rumbuna, da awaki, da itacen ɗorawar da ake zama a ƙarƙashinsa. A hankali mutanen ƙauyen suka sauko daga kan dutse suka koma bakin titi, dattawan suka yi ta mutuwa, ɗakunan suka rushe, ciyawa ta cinye wurin. Sai ya zamana ƙauyen bai rage a ko'ina ba sai a kan teburin nan na ɗakin Toma da ke Fadaman Mada. 'Yarsu tilo, Patience, ta tashi ta san cewa ko kusa da teburin ba a zuwa. Liatu ce kaɗai ke shiga ta kaɗe ƙura da gashin kaza, ita ma kanta a sunkuye, kamar mai shara a ɗakin da ba nata ba.

Sai kwamfuta ta shigo ofis, aka fara nuna wa manya gini a allo, har da fitilu da ruwan famfo yana zuba. Aka tura teburin Toma lungu, daga baya aka ba shi takardar ritaya da agogon bango. Ya koma gida yana ɗan yin tumaki da makiyaya na Kirsimeti ga coci-coci, da giwaye da birai da ake kai wa masu sayar da tsaraba. Kayan aikinsa kuwa wuri ɗaya yake saye tun yana saurayi, shagon Alhaji Mansir mai fenti a kasuwar Wunti. Mansir mutum ne mai fara'a da kara, in ya hango shi sai ya ce ga mai gumaka nan ya iso, Toma ya ce ga mai sayar da ruwa a gwangwani, su yi dariya a kawo shayi. Ƙauyen kuwa Toma ya lulluɓe shi da wani tsohon zanin Liatu, ba ya buɗewa sai jefi-jefi, domin babu mai tambaya.

Ana nan sai wata shekara shugabannin ƙungiyar 'yan garinsu mazauna Bauchi suka zo har gida. Za su yi taronsu na shekara bayan an ɗauke ruwa, suna so ya kawo ƙauyen a ajiye a tsakiyar zaure, yaran da aka haifa a birni su ga inda iyayensu suka fito. Toma ya sha mur ya ce zai duba, amma suna fita ya kasa zama. Tun da ya fara aikin nan ba a taɓa neman ganin ƙauyen ba sai ranar. Ya shiga ɗaki ya yaye zanin, sai gabansa ya faɗi. Hazo ya kama ƙauyen gaba ɗaya. Jan ɗankwalin mai burkutu ya koma kamar ruwan ƙasa, ganyen ɗorawa ya yi toka-toka, fuskar mahaifiyarsa kuwa kamar yana hangen ta ta bayan labule. Ya ƙwala wa Liatu kira ya nuna mata. Ta duba, ta sake dubawa, ta dube shi, ta ce haka ne.

Bai yi mamaki ba. Watan Agusta ne, an yi kwana da kwanaki ana ruwa, ga unguwar tasu fadama ce, bango ma gumi yake yi. Ya san tsohon banish yakan sha laima ya yi fari, ya kuma san maganinsa. Ya jira ranar da gari ya washe, ya fito da mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan faranti a tsakar gida, don zafi ya kore danshin. A cikin rana sai hazon ya ƙaru, har ya ga kamar hayaƙi ke tashi daga jikinsu, dole ya kare fuska da hannu. Ya mayar da su ɗaki yana tsaki. Magani na biyu shi ne a bi tsohon banish da sabo mai sheƙi, sabon yakan narkar da na ƙasa hazon ya saki. Ya hau acaɓa ya nufi Wunti ya sayo gwangwani.

Duk abin da ya saba yi ya yi, ruwan ɗumi, girgiza, komai. Ya fesa a kan baƙin guntun katako ya jira ya bushe, sai ya ga baƙin ya koma ruwan toka. Washegari ya koma kasuwa ya dangwara wa Mansir gwangwanin a gaban mutane, ya ce jabu ya sayar masa. Mansir ya karɓi guntun katakon ya juya shi a hannu. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi har yana ganin hularsa a jiki. Amma Toma ne ke magana, mutumin da ya girme shi, wanda garin nan kaf aka san idonsa. Sai ya ce wataƙila kayan ne, yanzu kamfanoni ba su da tsoron Allah, ya ɗauko wani ya ba shi. Na biyun ma haka, wanda Toma ya je ya sayo a wani shago can daban shi ma haka. Ya tara guntayen katako a kan taga, ya yanke hukunci cewa banish na kirki ya ƙare a ƙasar nan, ya kuma daina gaisawa da Mansir.

A nan ne ya kamata wani ya buɗe baki, domin alamu sun daɗe da cika gidan. Toma ya yi wata da watanni yana goge tabaransa da bakin riga yana zagin mai yin gilashi. Ya ce sabon littafin waƙoƙin coci an buga shi da tawada marar kyau. Ya sa an canja ƙwan fitilar ɗakinsa sau biyu wai ba ya haske. Ranar Lahadi ya wuce matar fasto a bakin ƙofa bai gaishe ta ba, sai da Liatu ta bi ta da ban haƙuri. Duk wannan a kan idon Liatu aka yi, a kan idon maƙwabta, da 'yan coci. Kowa ya gani, kowa ya haɗiye, wai ana girmama dattijo. Irin wannan karar ba ta da maraba da mugunta, sai dai ita ana yin ta da murmushi. Hazon ba a jikin ƙauyen yake ba, kuma a duk Fadaman Mada mutum ɗaya ne bai san haka ba.

Ranar taro tana matsowa, Toma ya rame, abinci ma sai an yi da gaske. Ya gwada dabarar mai, ya ɗiga man zaitun a auduga ya shafa wa maƙeri, ya goge da tsumma mai laushi, bai ga canji ba. Saura magani ɗaya, wanda shi da bakinsa yakan ce ba a yinsa sai an rasa yadda za a yi, wato a cire tsohon banish ɗin da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. Tina ba ta san banish ba, ba ta san fenti ba, duk abin da ta tarar ci take yi, sai mai ido ne ke sanin inda zai tsaya. Toma kuwa in ana maganar ido ai shi ake nufi. Ya fara gwadawa a kan wani baƙin bunsuru. Bunsurun launi ɗaya ne, fentinsa kuma mai kauri, da tinar ta jiƙa shi ya yi ƙyalli sai Toma ya ga kamar hazon ya saki. Ransa ya yi fari. Ya ajiye bunsuru ya miƙa hannu ya ɗauko wadda ta fi damunsa.

Da hantsi ne, yana zaune a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi yawa. Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma, ya bi fuskar mahaifiyarsa a hankali. Hazon yana nan. Ya sake tsomawa ya sake bi. Liatu ta fito daga madafa da tire a hannu ta tsaya a kansa, tana ganin audugar ta rine, tana ganin tsagar ta tafi, ido ɗaya ya bi ta. Sai da ta yi ta maza sannan ta iya magana.

"Baban Patience, a hankali dai. Kamar yana gogewa."

"Hazon ne ke gogewa," in ji shi, bai ɗago ba. "Je ki duba tukunyarki."

Ta tafi. Ya bi fuskar karo na uku, ya hura mata iska, ya kawo ta daf da hancinsa. Babu ido, babu baki, babu tabo, sai yumɓu tsirara mai santsi kamar ƙwallon goruba da aka gama ci. Ya daɗe yana riƙe da ita. Ko a lokacin bai zargi kansa ba, cewa ya yi tinar zamani ce ta fi ƙarfi. Ya mayar da ita gaban dutsen niƙanta, ya ja zanin ya rufe teburin, ya aika wa 'yan ƙungiya cewa kada su sa rai.

Saƙon ne ya kai ga Patience, wadda ke koyarwa a Gombe, ta zo ƙarshen mako. Ita ce ta gado taurin kan ubanta, kuma ta girma ta wuce a hana ta zuwa kusa da tebur. Ta saurari labarin hazo da jabun kaya har ƙarshe, sannan ta shiga ɗakin ta yaye zanin, ta ɗauko maƙeri ta fito da shi tsakar gida.

"Baba, wane hazo? Wannan ai har fuskata nake gani a jikinsa."

Ya taso mata da faɗa, ya ce ita da uwarta duk ɗaya ne, ba su da idon aikin. Patience ta matso kusa da shi. Ta kama hannunsa ta juyo da shi wajen haske, ta cire masa tabarau, ta leƙa. Tsakiyar idanunsa biyu ta yi fari kamar an ɗiga nono. Ta juya ta dubi uwarta, uwar ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zani. Patience ta tambaye ta tun yaushe, Liatu ta ce tun wajen bara, amma wa zai faɗa masa.

Yanar ido ce, in ji likitan asibitin ido, irin wadda tsufa ke kawowa, kuma aikinta ba wuya. Toma ya yi gardama har ya gaji, ya ce shi da ya ga hazon da ofis guda bai gani ba, yau za a ce masa ba ya gani. Patience ta yi kunnen uwar shegu da shi ta sa hannu a takarda. Aka fara da idon dama. Da aka cire bandeji, abin da ya fara gani shi ne ɗankwalin Liatu, ashe shuɗi ne mai furanni, shi kuwa ya daɗe yana ɗauka ruwan toka ne. A hanyar gida ya yi ta kallon gari kamar baƙo, duwatsun da suka kewaye Bauchi sun yi kore shar da damina, har ya fara murmushi. Murmushin bai wuce ƙofar ɗakinsa ba.

Guntayen katakon da ya tara a kan taga ya fara gani, kowanne baƙi wuluk yana sheƙi, babu ɗigon fari ko ɗaya. Ya yaye zanin. Ƙauyen yana nan garau kamar jiya ya gama shi. Ɗankwalin mai burkutu ja zur, ganyen ɗorawa kore, gumin da ya zana a goshin maƙeri har yanzu kamar zai ɗiga, furfurar mahaifinsa ana iya ƙirga ta. Banish ɗin da ya fesa tun yana da ƙarfinsa bai ci amanarsa ba ko kaɗan. A duk teburin abu biyu ne suka lalace, bunsurun da ya yi dabbare-dabbare, da matar da ke durƙushe a gaban dutsen niƙa ba ta da fuska. Ya tsaya a wurin har ƙafarsa ta gaji, ga shi babu wanda zai zaga.

Da idon ya warke ya ce ai da sauƙi, wanda ya yi ta da farko shi zai sake yin ta. Hannunsa bai mutu ba. Ya haɗa sabon burushi, ya dama launin fatarta daidai, ya zauna. Nan ya gane abin da ya yi asara. Ya rufe ido yana neman fuskar, sai ya ga zani, ya ga hannuwa a kan dutse, ya ji har muryarta tana kiransa, amma fuskar ta ƙi zuwa. Shekara da shekaru ba mahaifiyarsa yake tunawa ba, 'yar siffar nan da ya yi yake kallo, ita ta riƙe masa fuskar har ransa ya saki. Ya san akwai tsaga, bai san ko nawa ba ce. Ya san akwai tabo, ya rasa ko girar dama ce ko ta hagu. Ya gwada a kan wani yumɓun daban, sai wata baƙuwa ta fito tana kallonsa. Ya bi 'yan tsofaffin garinsu da suka rage yana tambaya, kowa ya ce mace ce mai kirki, mai yawan dariya, Allah ya ji ƙanta.

Ya je Wunti ya ba Mansir haƙuri, ya kuma tambaye shi don me ya karɓi laifin da ba nasa ba. Mansir ya ce shi dai ya ga katakon lafiya lau, amma da ya ji Malam Toma ya ce akwai hazo, sai ya ɗauka nasa idon ne bai kai ba. Aka kawo shayi, Toma ya kasa sha.

Mutum ɗaya ya rage, wadda ta fi kowa kusantar teburin. Liatu ba ta taɓa ganin surukarta a raye ba, amma tun tana amarya take kaɗe wa 'yar fuskar nan ƙura. Ya same ta tana tsince shinkafa, ya zauna kusa da ita, abin da bai saba yi ba.

"Maman Patience, tabon nan na Mama, ta wane gefe yake? Ke kina ganinta kullum."

Liatu ta ɗago ta dube shi, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ni ban taɓa duba shi ba," ta ce. "Kai ka ce ba ni da ido. Ƙura kawai nake kaɗewa."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ya tashi ya koma ɗaki, domin babu ƙarya a maganarta.

Ranar taro ya kai ƙauyen, Patience ce ta matsa. Aka ajiye teburin a tsakiyar zaure, yara suka yi dafifi, tsofaffi suna nuna maƙeri da mai burkutu suna kiran sunayensu, wasu har da hawaye. Aka yi ta yabon idon Toma a lasifika, shi kuwa yana zaune a gefe kamar an kawo shi zaman makoki. Kafin a buɗe ƙofa ya riga ya ɗaga mahaifiyarsa tare da dutsen niƙanta ya juya ta, ta fuskanci bangon ɗakinta, yadda ba mai ganin gabanta. Wata mata ta tambaye shi wace ce wannan da ta ba jama'a baya. Ya ce mahaifiyarsa ce, aiki take yi.

Ƙauyen ya koma Fadaman Mada, yana nan a ɗakin, Toma ya daina rufe shi da zani. An yi masa ɗaya idon, yanzu yana ganin zare a ramin allura. Kullum da hantsi yakan shiga ya zauna a gaban teburin da burushi a hannu, ya daɗe yana kallon bayanta, ko za ta waiwayo. Fentin yakan bushe a bakin burushin, ya tashi ya wanke shi.